Ƙwaron da Ke Cin Sandunan Sarki

Aradun da ta faɗa Birnin Tsamau a ƙarshen daminar nan ko kaza ba ta kashe ba. Da rana tsaka ta sauko, ta tsallake kasuwa, ta tsallake soron Sarki, ta zaɓi rumbun baka ta zauna a kai kamar aiko ta aka yi. Kafin a kawo tulun farko jinka ta rufta. Mutane suka yi cirko-cirko, ba mai ko tari, ana jin tsarkiya tana tsinkewa cikin wuta, tas, tas, kamar ana suyar gurjiya. Kusan duk bakan da garin ya mallaka yana ciki, da wanda aka sassaƙa, da sandunan da ke jiran sassaƙa.

Za ku ce wane irin gari ne zai zuba ransa a rumbu ɗaya. To, da ba haka ake yi ba.

Tun kaka da kakanni, baka a Tsamau a ɗakin girki yake girma. Maza su shiga daji da rani, lokacin da ruwan itace ya koma saiwa, su saro dargaza miƙaƙƙiya. Ba a taɓa ɓawonta. A toshe bakin sara da kakin zuma, sama da ƙasa, don kada ta yi gaggawar bushewa ta tsage. Sai a raba wa matan gari, kowace ta soke nata a tsaiko saman murhu, inda hayaƙi ke bi amma harshen wuta bai kai ba. Hayaƙi ya kori ƙwaro, ɗumi ya zuƙe ruwan sannu a hankali. Jifa-jifa a sauko da sanda a juya ta, in ɓawo ya saki a shafe ta da man kaɗanya. Sai damina ta wuce ta kanta, wani sa'in biyu, kafin masassaƙi ya sa mata gizago. Magajiya, shugabar matan gari, ke rabawa, ita ke karɓowa, ita ke durƙusawa gaban Sarki ta faɗi abin da ya dawo.

Abin da ya dawo kuwa bai taɓa kai abin da ya tafi ba. In an tambaya sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaro ya ci." Sarakunan da sun san irin ƙwaron nan, mai ɗaura zane ne, yana kuma goyo. Ba wanda ya taɓa cewa a kawo masa gawarsa.

Sai ga Sarki Tunau. Shi ta kan 'yan'uwansa ya taka ya hau gado, wanda ya hau ta haka kuwa ko tarin akuya ya ji sai ya waiwaya. Galadima Mantau ya gane lagonsa, ya riƙa raɗa masa cewa sanda a kowane gida tawaye ne a kowane gida. Aka kwashe baka, aka kwashe sanduna, aka tara a rumbu ɗaya jikin fada. Da dogarai suka shiga gidan wata Dela mai daddawa, suka tarar ta tokare ƙofarta da sandar Sarki. A bakin kasuwa Hauni, mai zartar da hukuncin Sarki, ya sare mata hannun dama. Magajiya Hakama, ƙanwar uban Sarki ce, gwaggonsa ke nan, aka tsayar da ita ta kalla. Da aka gama Tunau ya ce ta rantse ba sauran sanda a gidajen mata. Ta dubi jinin nan, ta dubi matan da suka yi tsuru-tsuru bayanta, ta ce, "In da saura, aradu ta neme ni."

Kun ga ke nan ranar da aradu ta zo, kowa rumbu yake kallo, Magajiya kuwa sama take kallo. Ita ta san wa aka zo nema aka yi kuskuren gida.

Da hantsi washegari aka buga tambari, fadawa suka taru. Ana ta warin toka har cikin zaure. Sarki na bisa gado.

Sarkin Baka Jatau, shugaban maharba, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Kibau na nan, dafi na nan, don a gidana suke. Baka ne babu. Abin da ya saura hannun mafarauta ba zai tsare ƙofa ɗaya ba. Maƙiyanmu Jangarawa kuwa gulbi kaɗai ya raba mu da su, gulbin nan yana janyewa. Da an gama yankan gero za su ga hanya."

Galadima ya gyara zama. "Toron giwa, daji bai ƙone ba. Dargaza na nan tsaye kamar dakaru. A saro yau, a sassaƙa gobe. Magabata sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Ana tanƙwara shi, Galadima," in ji Jatau, "amma ba ya dawowa. Baka kuwa dawowar nan ita ce duk aikinsa. Iccen damina ya sha ya ƙoshi. Ka ja shi ya bi ka kamar raƙumi da akala, ka sake shi ya tsaya yana tunani."

"A gasa shi a wuta."

"Ya tsage."

"A shanya a rana."

"Ya karkace, sa'an nan ya tsage."

Sarki ya daka tsawa. "Ban tara ku don ku faɗa mini abin da ba ya yiwuwa ba! A sara!"

Aka sara. Gari ya cika da ƙarar gizago da warin ɗanyen itace. Wanda aka kai kusa da wuta ya tsage, wanda aka shanya ya karkace, kamar yadda aka faɗa. Sauran aka ɗaura musu tsarkiya, aka shafa musu mai da baƙin tukunya. Daga nesa dai baka ne, Allah ya sani.

Ana cikin haka jakadan Sarkin Jangara ya iso, wani dogon tsoho mai ido ɗaya. Saƙonsa gajere ne: a aika wa ubangijinsa tambarin Tsamau, Tunau ya biyo bayansa a ƙasa ba takalmi, in ba haka ba za a zo a ɗauka. Galadima ya ce wannan baƙo, tsoro ya kamata a ba shi guzuri. Aka jera maharba tun daga ƙofar gari har fada, kowa da sabon bakansa, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Jakada ya bi ta tsakaninsu yana gyaɗa kai. Da ya zo bakin zaure sai ya tsaya gaban wani maharbi ya ce, "Ɗan'uwa, ara mini in ga aikin Tsamau da ake ba mu labari."

Wa zai hana baƙon Sarki? Aka miƙa masa. Bai ja tsarkiya ba. Farcen babban yatsansa kawai ya kafa a cikin bakan ya danna. Farce ya nutse, ruwa ya tsattsafo. Ya kai yatsan bakinsa ya lasa, ya mayar wa mai shi kayansa da hannu biyu.

"Allah ya ba Sarki nasara," in ji shi. "A ajiye mana su a inuwa. Baɗi war haka za su yi kyau."

Bai jira amsar saƙonsa ba. Har ya hau doki ya fita ƙofa ba wanda ya motsa.

Daga ranar garin ya canza. Mata suna daka ba waƙa. Masu jakuna suka fara ɗaure kaya a ɓoye, aka rufe ƙofofi, aka ce wanda ya fita Hauni ne zai raka shi. Ungulaye suka zo suka jeru a kan ganuwa, ba mushe ba komai, suna kallon cikin gari kamar masu zaɓen rago a kasuwa. Sarki ya daina cin abin da ba a ɗanɗana a gabansa ba.

Magajiya kuwa ko hadari kaɗan ya taso sai ta shige ƙurya. Ta san abin da ke cikin tsaikon garin nan. Ta kuma san in ta buɗe baki, Hauni zai yi kwanaki yana aiki, da ita zai fara. Ran nan da la'asar ta yafa mayafi ta nufi gidan Dela mai daddawa, wadda rabonta da haɗa ido da ita tun bakin kasuwa. Ta tura ƙofa, ƙofa ta ƙi.

"Wane ne?"

"Ni ce, Hakama."

Aka ja wani abu daga ciki, ƙofa ta buɗe. Ga Dela tsaye, dungu a dama, a hagu kuwa sanda doguwa, baƙa, sumul kamar an lashe. Magajiya ta dafe bango.

"Dela! Ba ki daddara ba?"

"Uwar ɗakina, biyu na ɗauka, ɗaya suka gani. Hannu ɗaya na biya, kin ga ke nan har yanzu ni ke da riba." Ta ƙwanƙwasa sandar a dutsen niƙa, ta yi ƙara ƙwal kamar ƙarfe. "Tun ina amarya take shan hayaƙi. Ku shigo, ko tsoro ya hana ku zama?"

Magajiya ta zauna a turmi. "Ina jin aradun nan ni ta zo nema."

"Da ke take nema da ta same ki, ba makauniya ba ce. Ni dai ga abin da na sani. Jangarawa in sun shigo ba hannu suke sara ba. Ƙanwata tana Birnin Garu suka ci shi, har yau ko ɗankwalinta ban gani ba. Ina da jikoki mata, Magajiya."

"In na faɗa, matan nan fa?"

"Ki sa ya rantse tukuna. Ke kika goya shi, kin san inda yake jin ƙaiƙayi."

Da safe Magajiya ta shiga fada. Ta durƙusa ta ce, "Zaki, ina da magana, amma tana da ƙofa. Sai ka dafa takobin ubanka ka rantse ba macen da za a taɓa a kan abin da zan faɗa."

Galadima ya ce, "Yaushe aka fara yi wa Sarki ciniki a zaurensa?"

"Tun ranar da aka lashi bakansa a bakin zauren, Galadima."

Tunau ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya miƙa hannu aka ɗora masa takobi, ya rantse.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaron nan da ke cin sanduna tun zamanin kakanka, bai haɗiye ba. Suna nan. Wata an tokare ƙofa da ita, wata an rataya ragaya, wata tana riƙe da gadon mai jego. Ba gidan da babu. Wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta ga damina uku."

Jatau ya miƙe tsaye a gaban Sarki, abin da ba a yi, ya ma manta. Sarki kuwa fuskarsa ta yi fari, ta koma baƙi. Murna ta zo masa, amma tsoro ya riga ta zama: ashe duk shekarun nan a tsakiyar baka yake kwana.

"Matan gari na rantse, sun tsira," in ji shi a hankali. "Ke kuwa, Gwaggo, ba sanda kika ɗauka ba. Idona kika kalla kika rantse da aradu, aradu ta zo ta cinye mini rumbu. Maganarki sai bayan yaƙi, in akwai bayan yaƙi."

Ta ce, "Na ji, Zaki." Ta tashi tana riƙe da hannunta na dama kamar wani zai fizge.

Sankira ya zaga da shela, ba macen da ta fito. Wa zai yarda? Sai da Dela ta ratsa kasuwa da tata a kafaɗa, ta wuce daidai inda aka sare ta, ta jefar a ƙofar fada, ta koma gida da hannunta ɗaya cif. Nan fa ƙofofi suka buɗe. Ranar an ga abin kallo. Gadaje suka zube, ragaya ta faɗo da ƙore, wani ɗakin ma jinkarsa ta zauna don ashe sandar Sarki ke riƙe da shi. Har daga cikin gidan Galadima aka fito da dami guda, uwargidansa na gaba. Masassaƙa suka kwana biyu suna kuka da gizagonsu, wai itacen yana cin ƙarfe. Jatau ya ja na farko da aka gama, ya saki, tsarkiya ta yi kuka, kibiya ta tsallake gwalalo, wato ramin da ya zagaye ganuwa, ta wuce har gonar da ke bayansa. Ya ce a ɓoye su, kada ko ɗaya ya leƙa saman ganuwa.

Gulbi ya janye, aka yanke gero, Jangarawa suka zo. Da hantsi aka hango su, sun rufe gabas kamar fara. Ba su yi sauri ba. A kan ganuwa wani na addu'a, wani na taɓa layarsa, wani fitsari ya kufce masa bai sani ba. Maharba na tsaye da ɗanyen baka a hannu, busasshe kuwa na kwance a ƙafafunsu an rufe da tabarma.

Jatau ya ce, "Ku harba."

Aka harba. Kibau suka tashi kamar kaji masu ƙwai, suka zube cikin gwalalo. Dariyar Jangarawa har cikin gari aka ji ta. Aka sake harbawa, wannan karon ma ba su kai na farko ba, don bakan ya riga ya lanƙwashe ya zauna. Ga tsoho mai ido ɗaya a gaba bisa doki, yana nuna ganuwa da bulala. Sai suka rataya garkuwa a baya don hannu ya samu ɗaukar tsani, suka taho a buɗe, suna waƙa.

Wani maharbi ya ce, "Sarkin Baka, yanzu?"

"Tukuna."

"Sarkin Baka, ina ganin haƙoransu!"

"Na ce tukuna, ɗan nema!"

Sai da na gaba suka gangara gwalalo, na baya suka cunkushe a bakinsa, ba gaba ba baya, sa'an nan ya ce a yaye tabarma. Masu ba da labari sun ce ƙarar tsarkiyar nan ba ta yi kama da komai ba sai rumfar kasuwa in guguwa ta ɗauke ta. Waƙa ta yanke a tsakiyar baiti. Dafin Tsamau kuwa ba ya jiran a kai mutum gida. Kafin rana ta take tsaka Jangarawa sun bar tsani, sun bar tambura, sun bar mai ido ɗaya a bakin rami, sun tsallake gulbi. Amma sarkinsu ya tsira, ya kuma aiko da faɗa cewa gero na baɗi a Tsamau zai ci shi.

Don haka ba a yi dogon biki ba. Rani na kamawa aka saro dargaza a kan lokacinta, aka toshe ta da kaki. Jatau ya ce shi bai san wani rumbu ba, a mayar ɗakin girki. Aka raba, kowane tsaiko ya cika. Sai da aka gama tsaf, Galadima ya durƙusa ya ce, "Toron giwa, an yi bayan yaƙi. Sarkin da ya manta maganarsa, gobe wani zai manta masa ita." Tunau ya ce a gaya wa Hauni ya wasa wuƙa, jibi a bakin kasuwa za a sare hannun Magajiya.

Aka sa dogarai a ƙofar Magajiya. Ta wanke hannun nan, ta sa masa lalle, ta zauna tana kallonsa.

Da gari ya waye Sarki ya hau soro kamar yadda ya saba, don ya ga ko wani ya taho. Ba kowa. Amma wani abu ya dame shi, ya rasa mene ne. Sama ta yi tas, yana hango har ƙofar yamma. Can ya gane. Ba hayaƙi. Gari guda, ba murhu ɗaya da ke ci, har na gidansa. Ba daka, ba niƙa, ba kukan tukunya. Sai kukan yara.

Ya sauko da gudu, rawani a hannu. Aka kirawo fadawa, kowa ya zo da yunwarsa. Aka aika a kamo wadda ta kitsa abin, dogarai suka dawo da Dela, don ita kaɗai suka tarar zaune a ƙofar fada tana jiransu.

"Wa ya ce ku kashe wuta?"

"Zaki, ba wanda ya ce. Tsoro ne. Mun ga hannun da ya shafa wa sanda mai shi ake sarewa, to wa zai kai nasa kusa da murhu? Kowace ta ce bari ta ga gobe tukuna."

Galadima ya ce, "A sare su duka!"

"A fara da uwargidanka, Galadima," in ji Jatau, "tun asuba take zaune kan murhunta." Ya juya ga Sarki. "Allah ya ba ka nasara, ni ba ruwana da tuwo. Amma iccen nan ɗanye ne, jiya-jiya aka soke shi. In ya kwana bakwai ba hayaƙi, ƙwaro zai shige shi, na gaske, mai fuka-fuki. Lokacin sara kuma in ya wuce ya wuce. Baɗi Sarkin Jangara zai aiko wani mai farce."

Tunau ya dubi babban yatsansa. Ya daɗe yana dubansa.

"A gaya wa Gwaggo ta fito ta hura wuta," in ji shi. "A gaya wa Hauni ya mayar da wuƙarsa kube." Ya juya. "Kai kuma Galadima, tun da kai ne mai ido a kan sanduna, daga yau kai za ka bi ɗakin girki ɗaya-ɗaya, ka karɓo, ka zo nan ka durƙusa ka faɗa mini abin da ya dawo."

Kafin azahar hayaƙi ya rufe Tsamau har ba a ganin soro. Magajiya da hannunta mai lalle ta fara hurawa.

Da shekara ta zagayo, Galadima Mantau ya bi gidajen nan kamar yadda aka ce. Ya sha hayaƙi, ya sha kunkunniya, ya sha kallo. A kowane ɗaki mace na tsaye bakin murhu da ƙwaryar ruwa a hannu, tana jira ya yi magana ta kashe wutar. Ya dawo fada idanu jajur, ya durƙusa. Sarki ya ce, "Ina sauran?"

Galadima ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaro ya ci."